Abin da ajiya ke ci a jikin dankali

Manomin gero yana da hutun da manomin dankalin Hausa ba shi da shi. In gero ya bushe ka yanke, ka ɗaure dammuna ka zuba a rumbu, magana ta ƙare, sai dai ka yi ta fama da ɓera da ƙwaro. Dankali kuwa ko bayan an haƙe shi yana nan da ransa. Yana numfashi, yana fitar da ruwa ta ɓawonsa, yana kuma cin abincin da ya tara wa kansa a ciki. Wajen kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, wani irin ma ya fi haka. Don haka abin da mutum zai ɗauko daga ɗaki bayan wata uku ya bambanta da abin da ya shigar. Wani sinadarin ya ragu, wani ya ƙaru, wani ya sake kama, kuma yadda aka riƙe dankalin ne ke yanke wanne zai tafi wanne zai zauna.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yammacin Kano, ina kuma noma gonar gado. Yadda muka taso a nan, dankali ba ya cikin kayan ajiya. A dasa yaɗo a watan Yuli, a haƙe a Oktoba ko Nuwamba, a cika buhuna har su yi tozo, a kira mota. Da yake kowa a lokaci guda yake haƙa, farashi faɗuwa yake warwas, dillali ya taya yadda ya ga dama don ya san ba ka da inda za ka kai kayan. Kafin sanyi ya wuce sai ka iske mai gonar dankali a kasuwa yana cinikin kashin dankali da tsada. Najeriya na noma wajen tan miliyan 4 a shekara, tana sahun gaba a Afirka, amma a gidan manomi ɗan ƙaramin lokaci ake cinsa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar ajiya da gaske shi ne zuwan dankali mai jan ciki, wanda in ka fasa za ka ga launin karas. Launin na wani sinadari ne da ake kira beta-karotin, shi ne jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi, yake kuma sa ƙyanda da gudawa su kayar da yaro fiye da kima. Binciken abinci na ƙasa da aka yi daga 2001 zuwa 2003 ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 ba su da isasshensa. Farin dankalin da muka gada kusan babu shi a ciki, shi kuwa mai jan ciki ɗan madaidaici guda, kimanin giram 125, yana iya biya wa ƙaramin yaro buƙatarsa ta yini. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ita ta fitar da irin da muke samu: King J a 2012, Mother's Delight a 2013, sai Solo Gold a 2018. A 2016 ma masana uku na Cibiyar Dankali ta Duniya, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, suna cikin waɗanda suka karɓi babbar kyautar abinci ta duniya saboda aikin da suka yi a kan wannan dankali.

Lissafina mai sauƙi ne. Da kaka abinci ya wadata, ga kabewa ga ganye. Wahalar tana tsakanin ƙarshen kaka da fitowar mangwaro. Akwai karas na noman rani, amma na kuɗi ne. In har dankalin gonata zai iya cike wannan giɓi, to ajiyarsa ta fi sayar da shi a wulaƙance. Sai na tambayi malamin gonan da ya kawo mana irin.

"Malam, wannan bitamin da kuke ta faɗa, in dankalin ya yi wata uku a ɗaki yana nan kuwa, ko iska yake bi?"

Ya ce, "Malam, ai yana hannunka. In da ɓawonsa ka ajiye shi, babu rauni, yawancinsa na nan. In ka yanka ka shanya ka jibge a buhu, to da idonka za ka ga tafiyarsa."

Gani ya kori ji. Na ƙudurta raba amfanin shekarar gida uku in ga abin da kowanne zai zama.

Aikin tun a gona ya fara. Wajen mako guda kafin haƙa na sa aka yanke yaɗon duka, aka kai wa awaki, aka bar dankalin a ƙasa. Wannan 'yar jinkirtawa tana sa ɓawo ya yi ƙwari. Dankalin da aka haƙe da ganyensa ɗanye, babban yatsa kawai za ka goga ɓawon ya saluɓe, wanda kuwa ya kwana biyu babu yaɗo sai ka sa farce. Sai dai ba a wuce gona da iri, domin da ruwa ya ɗauke ƙasa ke fara tsagewa, kuma ta wannan tsaga ƙwaron dankali ke shiga. Ɗan siririn ƙwaro ne baƙi mai dogon baki. Ba ya iya haƙa mai zurfi, tsaga yake nema ya kai ga dankalin ya saka ƙwai, tsutsar ta yi ta ɓarna a ciki. Shi ya sa tun kafin kaka nake bin kunyoyi da fartanya ina toshe duk inda ƙasa ta buɗe baki.

Wajen haƙa na fi shan wahala da 'yan ƙwadago. Sun saba da sauri: a sari kunya daga sama, a fizgo, a jefa kan tsibi daga nesa. Na ce daga gefe za a bi, a ɗauka a aje, a kwando za a kwasa, kuma ba za a wanke ba. Sai da na ƙara musu kuɗi. A nan gonar muka tace. Duk wanda fartanya ta taɓa, ko yake da hujin ƙwaro ko da guda ɗaya ne, ko ya tsage, ya tafi ɓangaren ci da sayarwa. Wanda zai shiga ajiya sai lafiyayye sumul, madaidaici. Manya-manyan da ke burge mai saye ba su ne na ajiya ba.

Ko an yi hankali iya hankali, kowane dankali yana da rauni aƙalla biyu, inda aka tsinke shi daga uwa da inda jelarsa ta katse, ga ƙananan ƙujewa da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsiyayewa, ta nan kuma fumfuna ke shiga. Amma da yake yana da rai, yana iya warkar da kansa kamar yadda ciwo ke yin ɓawo a jikin mutum: ƙarƙashin raunin sai wata sabuwar fata mai hana ruwa fita ta tofo. Sharaɗin shi ne ɗumi da laima. Masana sun ce zafin digiri 29 zuwa 30, laimar iska kashi 85 zuwa 90 cikin 100, na kwana 4 zuwa 7. A Amurka ɗakuna na musamman suke ginawa don wannan. Mu a nan ɗumin kyauta ne a ƙarshen Oktoba, laimar ce babu, don iskar hunturu ta riga ta fara kaɗawa. In iska ta bushe, raunin bushewa kawai yake yi ya yi zurfi, sabuwar fatar ba ta samun fitowa da kyau.

Na tara dankalin a inuwar darbejiya, na lulluɓe da ɗanyen yaɗo mai kauri, na ɗora buhunan algarara a kai. Ruwan da ganyen ke fitarwa da numfashin dankalin kansa su suka ba da laimar. Ban sa leda ba, don tana toshe numfashi, gumi ya taru, ruɓa ta biyo baya. Baffana ya zo wucewa ya tsaya yana kallo.

"Kai yaro, wa ya taɓa lulluɓe dankali? Baza shi a rana ya sha iska mana."

"Baffa, ku yi haƙuri ku ba ni mako guda, sannan ku zo ku duba."

Ban ga laifinsa ba. Duk abin da ya ajiye a rayuwarsa, gyaɗa ne ko wake ko dawa, bushewa ce lafiyarsa, kuma a kan waɗannan gaskiyarsa ce. Dankali ne ya fita daban. Rana tana ƙona masa ɓawo, wurin da ta ƙona kuma nan ruɓa ke fara kamawa. Da na buɗe tsibin, bakin kowane rauni ya rufe ya yi fari-fari, ɓawon ya yi tauri. Baffa ya murza guda a hannu, ya ce, "To, Allah ya sa albarka," ya wuce. A wurinsa wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Kashi na farko na zube shi a kusurwar zaure kamar yadda kowa ke yi. Ba sai na daɗe a kansa ba. Cikin 'yan makonni bakin kowanne ya fara yanƙwanewa, hannu ma ya gane nauyin ya ragu. Nan da can wani ya yi laushi, ya fito da farin gashi mai ɗigon baƙi, yana tsiyayar ruwa mai tsami, ya shafa wa na kusa da shi. Abin da na lura da shi a madafa shi ne wuƙa ce ke yin babbar asarar. Sinadarai irin su fotashiyam da kalsiyam da ƙarfe ba sa bin iska, suna nan a cikin dankalin ko ya bushe. Amma in ya yanƙwane, maiɗakina dole ta yi fira mai zurfi, ta datse kai da gindi, ta ƙwaƙule tabo, abin da zai shiga tukunya bai taka kara ya karya ba. Sinadarin yana nan, sai dai a kwandon shara.

Kashi na biyu shi ne na yashi, kuma a kansa na fi ɓata lokaci. Yashin rafi na sa aka ɗebo, mai tsakuwa-tsakuwa, aka tankaɗe, aka shanya shi ya bushe ƙayau, sannan aka bar shi a inuwa ya huce sarai. Wannan hucewar tana da muhimmanci, don yashi mai zafi dafa dankalin yake yi, mai danshi kuma tsiro da ruɓa yake jawowa. A ɗakin ƙasa mai rufin azara na jera tubala a kusurwa na yi ɗan akwati da bai wuce gwiwa ba. Na zuba yashi a ƙasa, na jera dankali ba tare da wani ya taɓa wani ba, na rufe da yashi, na sake jerawa, a sama na zuba mai kauri yadda ɓera ba zai kai ba. Ragowar na yi musu haka a manyan bahuna da na shimfiɗa wa tsohuwar jarida.

Dalilin da yashi ke aiki sai ka duba abin da dankali ke so. Zafin da ya fi dacewa da ajiyarsa digiri 13 zuwa 15 ne, da laima mai yawa. A ƙasar Kano daren Disamba da Janairu yana sauka kusa da wannan, wato hunturu ya ba mu rabin abin da ake nema. Ɗaya rabin kuma ya ƙwace, don iskarsa ba ta da laima ko kaɗan, ita ce mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Yashi yana tsare dankali daga wannan iska, ɗan ruwan da ya fitar ya tsaya kewaye da shi, amma ba ya toshe masa numfashi. Yana rage bambancin zafin rana da sanyin dare. Ƙwaro ba ya ratsa shi. In guda ya ruɓe, shi kaɗai ya ruɓe. Ɗakin kwano ba ya yi wa wannan aiki, da rana tanda ne.

Duk wata nakan kwashe yashin in duba, in cire wanda ya lalace, in karya tsiro in na gani, in mayar. A nan ne muka riƙa ɗibar na ci, a nan ne kuma sauyin ya riƙa bayyana a baki.

Abu na farko shi ne zaƙi. Dankalin da aka haƙe yau aka dafa yau gari ne da shi, yana shaƙe maƙogwaro, zaƙinsa kaɗan. Na cikin yashi bayan wata guda ya fi zaƙi nesa ba kusa ba, ya kuma fi laushi. Abin da ke faruwa shi ne akwai wasu sinadarai a cikinsa da ake kira amilas, masu farfasa sitaci su mayar da shi sukari. A ajiya suna aiki a hankali, sitaci na raguwa sukari na ƙaruwa. A kan wuta kuma, lokacin da zafi ke tsakanin digiri 60 zuwa 75, suna aiki da sauri kafin zafin ya kashe su. Shi ya sa dankalin da aka binne a toka mai zafi ya gasu a hankali ya fi wanda aka jefa a tafasasshen ruwa zaƙi. Mata masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin amfanin wannan, ko da ba su kira shi da suna ba: dankalin da suke niƙawa su zuba a gasara shi ke tsinka kunun ya ba shi zaƙi. Kada dai a ɗauka abinci ne ya ƙaru. Sitacin ne ya sake kama, wani ɓangaren sukarin kuma dankalin yana ƙona shi a numfashi, kullum ana ɗan ragi, kuma ragin ya fi sauri in ɗaki ya yi zafi.

Ba kowa ne ya yi murna da zaƙin ba. Wata maƙwabciyarmu mai suyar dankali da ƙosai da yamma ta karɓi kwano guda, washegari ta aiko yarinya da saƙo: "Wai in ji Inna, a gaya wa Malam dankalin nan ƙonewa yake tun bai soyu ba." Gaskiyarta ce. Sukari ne ke sa shi yin duhu a mai tun cikin bai nuna ba. Mai suya sabon haƙa take so. Ajiyayye na dafuwa ne da gashi da fate da kunun yara.

Bitamin C kuwa ba ya jiran kowa. Yana cikin sinadaran da suka fi saurin lalacewa, yana raguwa wata bayan wata ko a ajiya mai kyau, ya fi saurin tafiya in dankalin ya ji rauni ko ya yanƙwane, ragowar kuma yana narkewa a ruwan dahuwa in an fere an yayyanka kafin a ɗora. Ban tayar da hankalina a kansa ba. Lokacin da dankali ke rasa shi shi ne lokacin da tumatir da tattasai na Kadawa da Kura ke cika kasuwa, ga lemo, ga garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono, wanda yake cike da shi. Abin da muka canja kawai shi ne dafa dankalin da ɓawonsa, a ɓare bayan ya nuna.

Wanda na damu da shi shi ne beta-karotin, kuma shi alhamdulillahi ma'auninsa a fili yake, don shi ne launin. Duk wanda na fasa daga cikin yashi, har zuwa ƙarshen sanyi, cikinsa jawur yake kamar ranar haƙa. Wannan ya yi daidai da abin da masu bincike suka sha samu: a cikin dankalin da ba a yanka ba sinadarin yana daɗewa, a wasu irin ma yakan ɗan ƙaru a makonnin farko. Yana kulle ne a cikin ƙwayoyin naman dankalin, ɓawo ya tsare shi daga iska. Dafawa ma ba ta cin kaso mai yawa, tana ma sa hanji ya fi samun sauƙin ɗaukarsa. Sai dai shi a mai yake narkewa, don haka dafaffen dankali gaya ba ya ba da abin da zai bayar in an haɗa da ɗan man gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli. Wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba, da ma haka muke ci.

Kashi na uku shi ne ya fi koya mini abu, kuma shi ne wanda kowa a gidan ya fi amincewa da shi da farko. Mun fere, muka yayyanka siri-siri, muka baza a tabarma. Da hunturu nan da nan ya bushe ƙamas. Ranar da aka kwashe launinsa na nan da kyau, muka niƙa kaɗan aka yi wa yara kunu mai ruwan gwal. Sauran aka ɗure a buhu aka ɗora a kan maratayi. Ga ido babu ajiyar da ta kai wannan: ba ruɓa, ba tsiro, ba nauyi. Amma duk lokacin da aka kwance bakin buhun sai a ga launin ya ƙara kodewa, daga ja zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa fari-fari, ga wani ɗan ƙamshi irin na fure da ba shi da shi da farko. Ƙamshin nan na sinadarin ne da ke farfashewa. Kafin zafi ya shigo, abin da ke buhun bai fi busasshen farin dankali da komai ba.

Wani bincike da aka yi a Uganda ya auna wannan. Shanyar kanta ba ta ci da yawa ba, ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba. Ajiyar ce ta yi ɓarnar: cikin wata 4 a ɗaki busasshen dankalin ya rasa wajen kashi 70 cikin 100. Mai laifin iskar oksijin ce, zafi kuma yana ƙara mata sauri. In an yanka an busar, ruwan da ke cike ƙwayoyin ya fita, iska ta maye gurbinsa ta ko'ina. Ɓoye buhun a duhu ba ya hana wannan, don iskar na nan ko babu haske. Abin da ke tsayar da shi sai mazubin da aka zuƙe wa iska ko sanyin ƙanƙara, waɗanda ba kayan ƙauye ba ne.

Wannan ya sa na canja tsarin gonar gaba ɗaya. Ina noma iri biyu. Farin shi ake shanyawa, don ba shi da launin da zai rasa, sitacinsa kuma yana nan daram, ya yi kunun zaƙi ya yi haɗin tuwo. Mai jan cikin yana shiga yashi da ɓawonsa. In ana son garinsa don kunun yaye, sai a ciro kaɗan daga yashi, a yanka a shanya a niƙa abin da zai ƙare cikin 'yan makonni. A ganina masu tallar garin dankali mai bitamin a leda ya kamata su riƙa rubuta ranar da aka niƙa, mai saye kuma ya dubi launi kafin ya ba da kuɗi. Gari fari fat sunan kawai ya rage masa.

Akwai abin da ajiya ke ƙarawa wanda ba alheri ba ne. Dankalin da ƙwaro ya huda ko fumfuna ta kama yana haɗa wasu sinadarai masu ɗaci don kare kansa. Duk wanda ya taɓa gatsar irin wannan ya san ɗacin da warin. Waɗannan sinadarai guba ne, suna taɓa hanta, wasu suna taɓa huhu, kuma dahuwa ba ta kashe su. Al'adarmu ita ce a ƙwaƙule wurin a ci sauran, abin da ya lalace sosai a watsa wa dabbobi. Ƙaramin tabo ana iya datse shi da faɗi, amma in ɗacin ya ratsa, a zubar. Dabbobin ma a raba su da shi. A Amurka an sha samun shanu sun mutu da ciwon huhu bayan cin dankali mai fumfuna. Ni rami nake haƙawa nesa da gona in binne, don wanda aka yar a bakin gona shi ke renon ƙwaron baɗi.

Sanyi ma yana da iyaka. Na aika wa ƙanwata da ke aure a cikin birni kwando guda, ita kuma don ta kyautata masa sai ta sa a firji. Ta bugo waya tana cewa, "Yaya, wane irin dankali ne wannan? Na dafa har gas ya kusa ƙarewa, tsakiyarsa ta ƙi nuna." Dankali ɗan ƙasar zafi ne. In ya daɗe a ƙasa da digiri 12 ko 13 sanyin yana lalata masa ƙwayoyi, firji kuwa wajen digiri 4 yake. Tsakiyar sai ta ƙanƙare ta ƙi dahuwa, ciki ya yi duhu, ɗanɗano ya ɓaci, in an fito da shi ya ruɓe da wuri. Dafaffe ana iya sa shi a firji. Ɗanye ƙarƙashin gado ya fi masa.

Yashin ma ba ya kai mutum har abada. Da Maris ya shigo zafi ya doshi digiri 40, dankalin ya farka. Tsiro ke fitowa ta ko'ina, ka karya yau ka iske wani in ka dawo. Kowane tsiro daga jikin uwar yake shan ruwa da sitaci, sai ka fasa dankalin ka ga cikinsa ya yi ramuka-ramuka, ya yi sakayau, ga zare. Launin yana nan, amma naman ya ragu, daɗin ma ya tafi. Don haka nake lissafa na ci ya ƙare kafin tsakiyar zafi, daidai lokacin da mangwaro ke fara sauka.

Tsiron kuwa wani amfanin ne da shi. Babbar matsalar mai noman dankali a tudu ita ce iri: yaɗo ba ya tsallake rani sai a fadama, ruwa na sauka kowa ya bazama neman saye, a sayar maka da tsada, wani lokacin da cutarsa. Cibiyar Dankali ta Duniya ta yaɗa wata dabara a kan wannan a Uganda da Habasha da arewacin Ghana da Burkina Faso, wuraren da rani ke da tsawo irin namu. A ware ƙananan lafiyayyun dankali a baho na yashi, mako 6 zuwa 8 kafin ruwan farko a fito da su a binne a ɗan fili mai shinge kusa da rijiya, a riƙa ban ruwa sau biyu a mako. Ni a bayan gida nake yi, inda ruwan alwala ke gangarawa, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Kafin ƙasa ta jiƙu sosai yaɗon ya kai yanka, a yanka a dasa, ya sake tofowa a ƙara yanka. Baho biyu suna isar gonata, har maƙwabta su samu, Baffa ma bara ya aiko a ɗebar masa na kunya goma.